Sai Ƙanƙara Ta Narke

Duk wanda ya zauna a lungunmu na Karantina ya san Mastura ta ɗayan hanya biyu. Ko dai ya sha ƙanƙararta yana yaro, ko kuwa ya ci shinkafarta ranar da aka yi masa mutuwa. Yawancinmu mun haɗa duka biyun. Ni Zakiya, bango ɗaya ne ya raba ɗakina da nata tun muna amare, bangon da in ta yi atishawa a can nake amsa mata daga nan. Saboda haka in na ba da labarinta, ba ji na yi a bakin wani ba.

A Jidda aka haife ta, kamar yadda aka haife ni. Kakanta ne ya taso daga wajen Damagaram da ƙafa don ya sauke farali, ya sauke, ya kasa komawa. Har tsufa ya kama mu ba mu da takardar 'yan ƙasa, sai iƙama, takardar izinin zama, da ake sabuntawa ta hannun kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya maka. Mijinta Othman direban tankar ruwa ne, mutum mai shiru, ya rasu yara suna ƙanana. Ya bar mata Badr da ƙanwarsa Tahani, da ɗaki biyu, da tsakar gida da ba ta fi shimfiɗar tabarma uku ba.

Da firiza ta riƙe gidan. Wata ƙatuwar firiza ce mai murfi a sama, tsohuwa, mai gurnani kamar cikin mayunwaci. Zoɓo da tsamiya da sobiya take ƙullawa a leda, su daskare, yara su yi layi a ƙofa. Kuma ba ta miƙa wa yaro leda ba tare da ta bi shi da tsawa ba: “Yalla, sha da sauri kafin ta zama ruwa!” Gaskiyarta ne. A zafin Jidda, daga ƙofarta zuwa bakin lungu ƙanƙara ta fara zuba a gwiwar hannun yaro. Abin da Mastura ta sani game da ƙanƙara ke nan tun tasowarta: abu ne da ake tsere da shi, ba ya jiran kowa.

Aikinta na biyu ba na sayarwa ba ne. In aka yi rasuwa a unguwarmu, akan jera kujeru a kan titi, a rataya fitilu daga wannan bango zuwa wancan, a zauna karɓar gaisuwa kwana uku tsakanin magariba da isha. Aza muke ce wa zaman. A rana ta uku a ci shinkafa da hummus, wani irin wake, kowa ya watse. Mastura ce mai tukwanen, manya guda biyu da yaro zai iya ɓuya a ciki, kuma ita ce mai dafawa. Ba ta taɓa karɓar ko godiya mai tsawo ba. Amma tana da doka ɗaya, wadda ko limami ba ya ja da ita a kai: ba a jera kujera, ba a kunna wuta, sai maza sun dawo daga maƙabarta da ƙura a ƙafa. Na sha ganin ta kori yaran da suka yi azarɓaɓin sauke kujeru daga mota. “Mutum yana waje kuna jera masa kujera? Ku bari a rufe shi tukuna.” Haka ta yi ranar mijina, haka ta yi ranar mahaifiyata, kuma ni ma a lokacin na ga daidai ne.

Badr yaro ne mai kai. Wani malaminsu ya tsaya masa har ya sami gurbin karatu a Kanada, ya tafi da fasfon Nijar, ƙasar da bai taɓa takawa ba. Ya gama, ya sami aiki a wani gari kusa da Vancouver, ya zauna. Har nan ba ni da abin cewa. Abin da ya ɓata mini rai shi ne hotunan da ya fara turowa: fari fat ko'ina, shi kuma a tsakiya ya naɗe fuska, da wasu dogayen katakai a ƙafa. Wai hawa duwatsu yake yi da ƙafarsa, can inda babu hanya babu mutane, don kawai ya zamo ƙasa a kan dusar ƙanƙara. Yaron da aka haifa a garin da bargo yake shekara a cikin akwati! Na faɗa masa a waya, ban ɓoye ba. Na ce, “Kai Badr, kakanka ya taka daga Damagaram don ya ga Ka'aba, kai kuma me kake nema a kan dutse?”

Dariya ya yi, ya kira ni Khala, yadda yaranmu suke kiran duk sa'ar uwa. Ya ce, “Khala, wallahi in kin ga wurin sai kin yi tasbihi. Dutse a nan, teku a ƙasa, kamar Jidda ce aka ɗaga sama aka zuba mata talj, dusar ƙanƙarar nan. Kuma ba haka kawai muke fita ba, kullum sai mun duba yanayin hatsari.”

Mastura dai ba ta hana shi ba. Tsokanarsa take yi, wai ya ɗebo mata buhu biyu ta huta da gurnanin firiza.

A shekarar rusau abin ya faru. Tun farkon sanyi aka fara rushe unguwannin kudu, ana shafa jan fenti a bango, kalma ɗaya, ikhla, wato a tashi. Daga can gefen unguwa aka faro, titi bayan titi, lungunmu yana can ƙarshe. Kowa ya san layi zai zo kansa, ba wanda ya san ranar. Muna cikin wannan zaman ne wata safiya na ji salatin Tahani ta bango. Na zagaya ko mayafi ban yafa daidai ba.

Tahani tana riƙe da waya a buɗe. Mai maganar Mohannad ne, abokin Badr, Bahaushen Sudan da suke gida ɗaya a can. Su uku suka hau dutsen, in ji shi. Badr ne a gaba. Sai suka ji wani sauti a ƙarƙashin ƙafarsu, kamar ƙasa ta nisa, sannan tsaga ta ratsa gangaren daga wannan gefe zuwa wancan, duk fuskar dutsen ta zame gaba ɗaya. Ta tafi da Badr cikin wani kwazazzabo mai zurfi. Kowannensu yana ɗaure da 'yar na'ura a ƙirji wadda ake neman mutum da ita in dusa ta binne shi. Sun ji tasa tana amsawa daga can ƙasa, amma babu hanyar sauka. Masu ceto suka zo da jirgi mai saukar ungulu, suka duba, suka ga wata dusar tana rataye a saman kwazazzabon tana jiran ƙafar da za ta taɓa ta. Suka ce ba mai sauka. Kafin gari ya waye wani hadarin ya taso daga teku ya rufe dutsen.

“Khala,” in ji Mohannad ga Mastura, muryarsa a dushe, “sun ce ba wanda yake kai wannan lokacin a ƙarƙashin talj da rai. Al-baƙa'u lillah.”

Na zuba wa Mastura ido ina jiran ta faɗi in tare ta. Ba ta faɗi ba. Tana zaune a bakin firiza da leda a hannu, ta ƙarasa ƙulla ta, ta ajiye. Ta yi innalillahi sau ɗaya, a hankali. Sannan ta ce, “Ya waladi, yaushe za a fito da shi a yi masa sutura?”

“Sai dutsen ya zauna, Khala. Ko kuma sai talj ɗin ya narke.”

“To, halas, shi ke nan,” in ji ta. “Ƙanƙara ce ai.”

Da la'asar Malam Adamu limamin masallacinmu ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa. Dattijo ne mai hangen nesa. Ya ce za su yi wa Badr sallar da ake yi wa wanda ya rasu a nesa, sannan gobe a jera kujeru, tunda har yanzu mutanen unguwa suna nan, kuma kowa ya ga abin da yake tahowa.

Mastura ta ce daga bayan labule, “Sallah kam ku yi, Malam, wannan tsakaninku da Allah ne. Amma kujera sai an rufe shi.”

“Ummu Badr, ki duba halin da ake ciki.”

“Kwana nawa ƙanƙara take yi, Malam? In ta daɗe, mako. A jira.”

Malam Adamu ya juyo ya dube ni. Daga ni har shi har ita, ba wanda ya taɓa ganin dusar ƙanƙara da idonsa sai a hoto. Ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya tafi.

Abin da Mastura take so bai da yawa, kuma ta faɗa mini shi a fili a daren farko muna ninke kayan sallah. So take a yi wa Badr zaman aza a lungun da ya yi rarrafe, a gaban mutanen da suka san shi tun yana yawo ba wando, mutanen da ta dafa wa shinkafar iyayensu da mazajensu. Ta ce, “Kowa na zauna masa, Zakiya. Sau ɗaya nake so a zauna mini.”

Mako ya wuce. Mohannad ya nuna wa Tahani wani shafi a waya inda masu lura da duwatsun suke sa yanayin hatsari kowace rana. Launi biyar ne: kore, rawaya, ruwan lemo, ja, baƙi. Kore ne lafiya, baƙi kuwa ko tsuntsu ya yi hankali. Mastura ba ta karatun boko, amma launi ba ya buƙatar malami. Kowace safiya bayan ta idar da sallah sai ta ce, “Tahani, wane launi?” Tahani ta ce ja, ko ta ce ruwan lemo. Mastura ta gyaɗa kai ta tashi ta jiƙa zoɓo. Ba kuka, ba dogon zance. Abinci ma tana ci, sai dai in ka tambaye ta me ta ci ba ta sani ba.

Ni ce na gaji na karɓi wayar wata rana na ce wa Mohannad ya yi mini bayani da Hausar mutane, me ya hana wannan abu narkewa. Yaron ya yi haƙuri da ni. Ya ce duwatsun nan a bakin teku suke, duk hadarin da ya taso daga ruwa a kansu yake sauke kayansa, dusa mai nauyi, mai danshi. Ba a dunƙule take ba, hawa-hawa ce, kowane hadari da nasa shimfiɗar. A farkon sanyin bana an yi ruwan sama har ƙolin dutse, ya daskare ya zama ɓawo mai santsi. Sannan aka yi wani mugun sanyi, sai wata dusa mai kama da sikari ta tsiro a kan ɓawon, wadda ba ta kama juna. Daga baya manyan hadura suka jibga nauyi a kai.

“Ya'ni, Khala, kamar ki barbaɗa sikari a kan tire, ki ɗora katifa, sannan ki karkata tiren. Haka dutsen yake yanzu. Masu aikin suna haƙa rami su duba hawa-hawan, su bubbuga da shebur. Har yanzu zamewa take yi.”

“To rana fa? Ba ku da rana a garin?”

“Akwai, Khala. Amma a inda Badr yake, zurfin talj ɗin ya fi tsayin gidanku.”

Na mayar wa Mastura wannan magana kalma bayan kalma. Ta saurara kamar ana ba ta labarin farashin tumatir. Washegari na shiga na tarar ta kankaro dusar da take taruwa a jikin firiza, ta tara a faranti, ta ajiye a rana a tsakar gida. Kafin shayinmu ya tafasa ta zama ruwa. Ta nuna mini da haɓa. “Kin gani?”

“Mastura, can ba nan ba ne.”

“Rana ɗaya ce Allah ya yi,” in ji ta, ta zubar da ruwan a gindin bango.

Ana haka jan fenti ya iso titin da yake bayanmu. Mutane suka fara ɗaure kaya. Kullum sai ka ga motar ɗaukar kaya a bakin lungu, an ɗora katifu da na'urar sanyaya ɗaki da tukwane, tsohuwa a gaba ta rungume akwati. Wasu suka nufi Makka wajen dangi, wasu Bahra, wasu can bayan gari inda haya take da sauƙi. Waɗanda takardunsu suka mutu kuwa, da yawa suka miƙa kansu aka mayar da su Nijeriya ko Nijar, garuruwan da suka sani a bakin kakanni kawai. Duk mai tafiya sai ta biyo ta yi wa Mastura sallama, kuma duk wadda ta buɗe baki za ta yi gaisuwar mutuwa sai Mastura ta ɗaga mata hannu.

“Riƙe gaisuwarki, Hind. Za ki dawo ki yi ta yadda ake yi.”

Hind mai lalle, wadda ta yi wa Badr wanka da hannunta yana jariri, ta tsaya da hawaye a fuska ta ce in sha Allahu za ta dawo. Kowa haka ya ce. Ina tsaye ina jin su, na san ƙarya ce, su ma sun sani, amma ba wanda ya yi ta da mugunta.

Sau ɗaya launin ya sauko rawaya. Ranar Mastura ta fito da tukwanen nan biyu ta wanke su da toka da soso har suna ɗaukar ido, ta aiki Tahani ta tambayo mai kujeru ko yana nan bai tashi ba. Da Mohannad ya kira sai ya ce rawayar ta sauran wurare ce, kwazazzabon yana nan yadda yake. Kuma yanzu da ɗumi ya fara shigowa wani sabon hatsarin ne: rana tana jiƙa dusar, ruwa ya ratsa ƙasa ya sami ɓawon nan, gangare ya taho gaba ɗaya kamar kunu. Kwana kaɗan aka yi ruwa mai ɗumi daga teku, launin ya koma ja. Mastura ta kife tukwanen a inda suke. Wato ranar ma da take jira ta zo ta narkar, ita ce ta ƙara rufe hanya.

Ranar da aka shafa fentin a bangonmu na kasa haƙuri. Lungun ya rage gida bai fi a ƙirga da yatsu ba, amma Malam Adamu yana nan, masallaci yana tsaye, da an jera kujeru da an sami masu zama. Na shiga na same ta tana ƙulla tsamiya, alhali yaran da za su saya duk sun tafi.

Na ce, “Ke Mastura, don girman Allah ki kunna wutar nan. Yau. Gobe ba kowa.”

“Ba a rufe shi ba.”

“An rufe shi mana! Abin da ya fi gidan nan tsayi yana kansa, wane rufi kuma kike nema?”

Ta ɗago ta dube ni, idonta a bushe. “Ƙanƙara ba ƙasa ba ce, Zakiya. Ba a yi masa wanka ba, ba a juya fuskarsa alƙibla ba. Yana waje. Na hana a jera wa mijinki kujera yana waje, na hana a jera wa uwarki. Sai nawa ne zan ci shinkafarsa yana kwance a rami da takalmi a ƙafa?”

Na ji haushinta har wuya. Na fita na buga mata ƙofa.

Aka yanke wutar lungun. Firizar da ta yi shekaru tana gurnani ta yi shiru, da yamma ruwa ya fara bin ƙarƙashinta, ja da ruwan tsamiya, ya malale tsakar gida. Mastura ta tsaya a ciki da silifas tana kallo. Ba ta ɗauki firizar ba, ta ce ba inda za a sa ta. Tukwanen ta ɗauka. Ita da Tahani suka sami ɗaki a hawa na uku a wani bene a gefen Bani Malik da rusau bai taɓa ba, ni kuma ɗana Turki ya ɗauke ni zuwa wajensa. Bayan mako biyu Turki ya bi ta Karantina da mota, ya dawo ya ce mini bai iya gane inda lungunmu yake ba.

Nakan je wajenta ranar Juma'a. Benen cike yake da baƙi, 'yan Bangaladash da 'yan Yaman da 'yan Pakistan, ba mai gaishe ta da sunan ɗanta. Tukwanen suna kife a bayan ƙofa sun cinye rabin ɗakin. Azumi ya zo ya wuce, aka yi ƙaramar Sallah. Har lokacin kowace safiya sai ta tambayi launi. Wata rana Tahani ta ce mata masu shafin sun daina sakawa, wai lokacin sanyi ya ƙare a wajensu. Mastura ta ce, “To shi fa?” Tahani ta kife wayar.

Ana shirin aikin Hajji, zafi ya kai inda ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, Mohannad ya kira da hantsi. Ina nan. Ya ce dusar kwazazzabon ta ja baya, masu ceto sun sauka da igiya sun same shi. Shi da kansa ya yi masa wanka tare da limamin masallacinsu. Ya ce, “Khala, wallahi fuskarsa kamar jiya ya kwanta.”

Mastura ta gyaɗa kai. Wannan kam ta san shi, ƙanƙara tana ajiye abu. Ta ce, “Kun rufe shi?”

“Mun rufe shi, Khala.”

“Kun dawo daga maƙabarta?”

“Mun dawo.”

Ta miƙe ta ce wa Tahani, “Kira mutane.”

Tahani ta wuni a kan waya. Wasu lambobin sun daina shiga. Hind mai lalle tana Zinder, ta yi kuka a waya har katin Tahani ya ƙare. Na Makka suka ce hanya a tsare take saboda alhazai, in sun fito ba lallai su koma ba. Na bayan gari suka ce in sha Allahu, irin in sha Allahun da muka sani. Wasu kuma takardunsu ba su da ƙarfin da za su ratsa gari. Ban ga laifin kowa ba, amma na zage su a zuciyata ɗaya bayan ɗaya.

Turki ya kawo kujeru. Ya tambaye ta nawa za a sauke, ta ce yadda aka saba. Ya dube ni, na ce masa ya yi abin da aka ce. Ya jera su layi-layi a gefen titi a ƙofar benen, ya rataya fitilu. Maigadin benen, wani ɗan Bangaladash mai kirki, ya bar mata filin ajiye motoci ta kafa murhun gas.

Kwana biyun farko, ni ce da matar Turki a sama tare da Mastura da Tahani, sanye da fararen mayafai. A ƙasa Turki ne da Malam Adamu, wanda jikansa ya kawo shi daga Bahra a motar haya, ya zauna a layin gaba da sandarsa tsakanin gwiwoyi, kujeru fanko a bayansa har bakin kwana. Mastura takan leƙa ta taga, ta dawo ta zauna.

Rana ta uku ta sauka da kanta ta ɗora tukwanen duka biyu. Na ce mata rabin ɗaya ma ya yi yawa. Ta ce hannunta bai san wani awo ba. Ta dafa yadda take dafa wa unguwa guda, ƙamshin ya cika titin. Bayan isha aka zuba faranti ɗaya, mu 'yan kaɗan ɗin nan muka ci, tukwanen ko alamar an taɓa su babu.

Sai ta ce wa Turki ya kira duk wanda yake wucewa. Leburori ne masu dawowa daga aiki, da masu wankin mota, da direbobin kai saƙo. Suka zo a ɗarare, suka zauna a kujerun da aka jera wa mutanen Karantina, suka ci. Mutanen kirki ne, kowa ya gama sai ya zo ya tsaya daga nesa ya ce Allah ya girmama lada. Wani dattijo ɗan Yaman ya tambaye ta wa ya rasu. Ta ce ɗanta.

“Allah yarhamu. Rashin lafiya ya yi, ya Hajja?”

“Talj,” in ji ta.

Mutumin ya share gumi da gefen rawaninsa, ya dubi Turki ko bai ji daidai ba. Sannan ya ce la haula, ya tafi. Bai tambayi sunan yaron ba. Cikin duk waɗanda suka ci shinkafar nan ba wanda ya san Badr yana da wushirya, ko cewa shi ne yake satar ƙanƙarar uwarsa yana raba wa yaran lungu.

Da aka watse muka zauna ni da ita a kan kujeru biyu a layin ƙarshe, Turki yana naɗe wayar fitilu. Tukunya ɗaya ta ƙare, ɗayar tana nan da rabi. Ta daɗe tana kallon titin. Na ɗauka yau kam za ta yi kukan da ta riƙe tun sanyi, har na matso da kujerata. Ba ta yi ba.

Ta ce, “Zakiya.”

Na ce, “Na'am.”

“Ni fa na ɗauka kwana biyu za ta yi ta narke.”

Na kama hannunta. Yana da zafin murhu, yana warin albasa. Muka zauna haka har mai kujeru ya iso da motarsa, ya tsaya a kanmu yana jira mu tashi ya ɗauki biyun da suka rage.